Ranar da Bafulatani Ya Bar Sanda a Mota

Ban taɓa mantawa da ranar da na raka Alhaji Bello gaban likitar tantance nakasa ba. Ko na so in manta ma shi ba zai bari ba, don duk taron sunan da muka haɗu sai ya tayar da maganar. Shi ne ya ba ni izinin ba ku labarin, da sharaɗin in sauya masa suna, in kuma shaida muku cewa shi ke da gaskiya. Sunan dai na sauya. Ɗaya sharaɗin kuwa sai ku saurara ku yanke hukunci da kanku.

Ku da kuka shigo aikin tafinta kwanan nan kun riga kun haddace ƙa'idodin da aka karanta muku a wurin horo. Amma saboda 'yan'uwanmu da ba sana'arsu ba ce, bari in maimaita. Kamfaninmu yakan tura mu asibiti ko kotu ko makaranta, duk inda aka samu mai jin Hausa da ke bukatar a juya masa magana. In ka shiga ɗaki, kai kunne ne da baki kawai. Ba ka ƙari, ba ka ragi, ba ka ba da shawara. In majiyyaci ya ce ƙafata tana ciwo, kai ma ƙafata za ka ce, kamar taka ce ke ciwon. Babbar ƙa'idar kuma ita ce duk maganar da aka furta a cikin ɗakin sai ka fassara ta, ko wa ya faɗa, ko da wa ake. Wannan ta ƙarshe ku riƙe ta da kyau, za mu dawo kanta.

Ni sunana Modu, Babarbare ne na Nguru. Alhaji Bello kuwa Bafulatani ne daga wajen Ƙonni a Nijar, yana zaune a garin Manassas, nan ƙasar Turawa, da iyalinsa. Kun san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tun ranar da muka fara haɗuwa a masallacin Juma'a na ce masa bawana, ya ce mini ubangidana ne shi, muka ci gaba a haka shekara da shekaru ba wanda ya saki. Dogo ne, siriri, mai kunya da kawaici. Sana'arsa tuƙin motar otal, yana kwasar baƙi zuwa filin jirgi yana dawowa da wasu, kuma mutane da yawa a ƙauyensu daga sitiyarin nan nasa suke ci.

Sai ciwo ya same shi, wanda likitoci ke kira MS. Yadda aka yi mana bayani, garkuwar jikin mutum ce take rikicewa ta riƙa cin rufin jijiyoyinsa na ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya gaigaye wayar lantarki. Saƙo sai ya riƙa yankewa a hanya. Ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi, tafin hannunsa ya riƙa mutuwa, wani lokaci ya ga mota ɗaya ta zama biyu. Ga wata gajiya da ba ta jin barci. Zafi kuma yana tayar da ciwon. Ranar da ya nemi birki ƙafar ta yi masa jinkiri, da kansa ya ajiye makulli, ya ce ba zai ɗauki ran bayin Allah a wuyansa ba.

Magungunan ma da nasu rigimar. Akwai allurar da yake yi wa kansa duk Lahadi, wadda ke kwantar da shi da zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi har zuwa Talata. Akwai ƙwayar da ke sassauta masa sanƙarewar ƙafa, amma takan sa shi gyangyaɗi ko a tsakiyar hira. In ciwon ya tashi sosai kuma, akan ƙara masa wani ruwa mai ƙarfi a asibiti, wanda ya cika masa kumatu ya sa fuskarsa ta yi tas. Wannan ruwan shi ya fi cutar da shi a idon jama'a. Mutanenmu suna ganinsa a masallaci sai su hau yi masa barka, wai Alhaji ya murmure, hutu ya karɓe shi. Shi kuma ya yi murmushi ya ce alhamdulillahi.

A ƙasar nan, wanda ciwo ya hana shi aiki yakan nemi tallafin nakasa daga gwamnati. Ofishin da ke kula da abin zai tattara bayanan asibitinsa ya duba. In bai gamsu ba, sai ya tura shi wurin wani likita daban, wanda bai san shi ba kuma ba zai yi masa magani ba. Aikinsa kawai ya yi tambayoyi, ya gwada jiki, ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gani. Neman Alhaji na farko an ƙi shi. Dalili kuwa, duk zuwan da ya yi wurin likitansa na jijiyoyi, da an tambaye shi yaya jiki sai ya amsa da ɗan Turancinsa cewa lafiya lau, likita kuma ya rubuta hakan. Ya ɗaukaka ƙara, aka sa masa ranar ganin wannan likitar. In wannan ma ta faɗi, hayar gida da maganinsa duk sun rataya a wuyan matarsa Hajiya Dije, wadda ke aikin kula da tsofaffi har bayanta ya fara ciwo.

Da saƙon aikin ya shigo wayata na ga sunan, sai na kira shugabarmu na shaida mata cewa na san mutumin, kamar yadda doka ta ce. Ta bincika ba ta samu wani mai Hausa da ke da sarari ba. Aka tambayi Alhaji ko ya yarda da ni, ya ce a turo Babarbaren, ai aikin bawa ne ya bi ubangidansa.

Ranar Talata ce a watan Yuli, bazarar da ta biyo bayan sassauta dokokin korona. Duk wanda ya san yankin nan ya san zafin Yuli, mai sa ka haɗa gumi tun kafin ka kulle ƙofar mota. Ofishin likitar yana wani bene a Springfield. Na iso da wuri ina tsaye a wurin fakin, sai ga motarsu, Hajiya ce ke tuƙi. Da Alhaji ya fito sai da na sake dubawa. Babbar riga ce ta shadda ta sha sitaci da bugu, da 'yar ciki da wando, ga hula an karya ta gefe, ga turare har inda nake. Wanda bai sani ba sai ya ce ɗaurin aure za shi.

Hajiya ta miƙo masa sandarsa, irin ta ƙarfe mai naɗewa da ake sayarwa a kantin magani. Ya karɓa, ya naɗe ta tsaf, ya tura ta ƙarƙashin kujera ya rufe ƙofa. Sannan ya taho yana dafa motocin mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba wadda zai saya. Hajiya ta tsaya baya tana kulle mota, ta ɗan jima a can, ban dai kula da abin da take yi ba.

Na ce masa, "Bawana, tun da nake ban taɓa ganin Bafulatani ya bar sanda a baya ba. Ko shanun sun tafi hutu ne?"

Ya ce, "Sandan kiwo daban, sandan tsohi daban. Kai mi ka sani, Babarbare?"

A ɗakin jira ya zauna ƙiƙam yana jan carbi, gumi na bin wuyan rigarsa. Da ya tafi banɗaki, yana bin bango, sai Hajiya ta matso kusa da ni ta sauke murya. Ta ce allurar Lahadi, wadda su suke kira fikir, ya ƙi yin ta, wai kada zazzaɓi ya sa ya zo gaban likitar gwamnati a yamutse. Ƙwayar sanƙarewa ma tun jiya ya ajiye ta don kada ya yi gyangyaɗi a gaban mutane. Da safe ya sha shayi mai kauri har sai da idonsa ya buɗe. A wurinsa, zuwa gaban babba sai da shiri, kuma mutum mai mutunci ba ya shiga ofis yana ɗingishi. Ta ce ta yi magana har bakinta ya gaji.

Sai ta roƙe ni abin da kowannenku za a roƙe shi wata rana. Ta ce in ya ce da sauƙi, ni in gaya wa likita gaskiya, ai ba wanda zai sani. Wallahi na ji tausayinta. Amma na ce mata ba zan iya ba. Abin da ya fito bakinsa shi zai fito bakina, ko da zai kai shi ƙasa. Ta juya fuska, na ga ranta ya ɓaci.

To, dokar aikinmu ta ce kafin a fara sai tafinta ya yi wa kowa bayanin yadda yake aiki. Ni kuma mutum ne mai bin doka. Saboda haka na gyara zama na karanta mata ƙa'idar a hankali, na ce duk abin da aka faɗa a cikin ɗakin can sai na juya shi, ko wa ya faɗa, ko da wa ake, ko da mutum shi kaɗai yake gunaguninsa. Na ga kamar ba ta ji ba, sai na sake karanta mata, na ɗan dakata a kan gunagunin. Ta ɗago ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta gyara mayafinta ta ɗora jakar a cinya.

Likitar mace ce, dattijuwa mai furfura da tabarau, ba ta da yawan fara'a amma ba ta da wulaƙanci. Na gabatar da kaina, na karanta ƙa'idar da Turanci da Hausa, Alhaji ya gyaɗa kai ba tare da ya saurara ba. Ta dubi shaddar, ta dubi kumatun, ta rubuta wani abu. Sannan ta fara.

Ta tambaye shi yaya yake, ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. Ta tambayi ƙafar, ya ce da sauƙi. Ta ce tafiya fa, wane nisa yake iya yi, ya ce duk inda Allah ya nufa yana zuwa. Ta ce ko yana faɗuwa, ya ce ɗan tuntuɓe ne irin na kowa. Ta ce magungunan suna ba shi wahala, ya ce ai likita ya fi shi sani, shi dai sai godiya. Ni kuwa ina juyawa kalma bayan kalma, ina cewa ni lafiyata lau, ƙafata da sauƙi, ina jin kamar da hannuna nake kwashe abincin gidansa.

Akwai ƙofa ɗaya da aka bar mana, ita ce tafinta ya nemi izini ya yi bayanin al'ada. Na ɗaga hannu na ce tafinta ne ke magana. Na shaida mata cewa a wurinmu ko mutum yana gargara in aka gaishe shi da sauƙi zai ce, kuma na maimaita wa Alhaji da Hausa abin da na gaya mata. Ya harare ni. Likitar ta yi mini godiya, ta sake tambayarsa da wasu kalmomin, ya sake ba ta amsoshin nan nasa. Ta ce ta fahimta, amma ita abin da majiyyaci ya faɗa da abin da idonta ya gani za ta rubuta. Gaskiyarta ce, ban ga laifinta ba.

A nan ne Hajiya Dije ta yi gyaran murya. Ku sani, mace ce mai tarbiyya, ba ta ko kiran sunan mijinta, balle ta ƙaryata shi a gaban baƙuwa. Saboda haka ba ta dubi likita ba, ba ta dubi Alhaji ba. Jakarta ta duba, ta shafa ta, ta fara yi mata hira.

Ta ce, "Ke jaka, ni dai akwai wani mutum da na sani. Ranar Alhamis ya hwaɗi cikin banɗaki, sai da anka kira maƙwabci munka ɗaga shi."

Na juya wa likitar da Turanci, ban bar ko jakar ba. Likitar ta ajiye biro ta ce wane mutum ne wannan. Na juya tambayar. Hajiya ta ce wa jakar ita ba ta ambaci sunan kowa ba, amma mutumin nan duk ranar da ya yi fikir kwana biyu yake yi cikin bargo yana kaɗa haƙora, ko cokali ba ya iya riƙewa. Ta ce wannan makon ma ya ƙi yin fikir ɗin don ya zo ya burge wata likita. Na juya.

Alhaji ya zaro ido. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kai Babarbare, kada ka fassara wannan."

Na dubi likitar na ce mata da Turanci, "Kai Babarbare, kada ka fassara wannan."

Ya ce in Allah ya fitar da mu daga ɗakin nan sai ya sayar da ni a kasuwar Ƙonni. Na juya mata wannan ma, na ƙara neman izini na bayyana cewa wasa ne na gado tsakanin ƙabilunmu, kada ta kira 'yan sanda. Na ga gefen bakinta ya motsa, ta gyara tabarau.

Da ya ga Hausa ta ci amanarsa, sai ya koma Fillanci, ya zazzaga wa Hajiya magana ƙasa-ƙasa. Ni ba na jin Fillanci, kuma na shaida wa likitar cewa sun koma harshen da ba a ɗauke ni in juya ba. Alhaji ya dube ni da murmushin wanda ya yi nasara. Murmushin bai daɗe ba. Hajiya ta saurare shi har ya gama, cikin ladabi, kanta a sunkuye, sannan ta amsa masa da Hausa tsantsa.

Ta ce, "To, Alhaji. Ka ce in yi shiru kada ta san ka bar sanda a mota, kuma kada in ce ka aje ƙwayar ƙafa tun jiya? Na ji. Na yi shiru."

Jama'a, na juya. Aikina ke nan.

Likitar ba ta yi dariya ba a wannan karon. Ta ce ya cire babbar rigar, ya tashi ya yi tafiya zuwa ƙofa yana ɗora diddige a gaban yatsu. Ya miƙe da ƙarfinsa kamar soja. Amma shayi ya riga ya sake shi, zafin shadda ya dafa shi tun a waje, ga ƙafar ta sanƙare saboda rashin ƙwaya. Bai yi nisa ba ta hagu ta ƙi tashi daga ƙasa, ta hau karkarwa ita kaɗai. Ya kai hannu ya cafke gefen gadon gwaji, hularsa ta faɗi. Likitar ta tare shi ta zaunar da shi. Ni da na zo da tsokana a bakina sai na ji kunya ta rufe ni, na sunkuya na ɗauko masa hular.

Ta jawo kujerarta kusa da shi, ta tambaye shi me ya sa ya ɓoye. Ya daɗe yana kallon hular a hannunsa. Da ya buɗe baki, ba da ni yake ba, ba kuma da Hajiya ba.

Ya ce, "Wurinmu, wanda ya tsaya yana ƙirga ciwonshi gaban mutane, kamar ya raina abin da Allah ya bar mishi ne. Kuma ni aiki ya kawo ni ƙasar nan. Ban san yadda zan buɗe baki in ce na ƙare ba."

Ƙa'ida ta ce in ce ni. Na ce ni aiki ya kawo ni, ni ban san yadda zan ce na ƙare ba. Na yi shekaru ina wannan sana'a, na juya labarin mutuwa da na saki, amma ranar sai da na dakata na nemi ruwa. Ni ma aikin ne ya kawo ni ƙasar nan.

Likitar ta ce ba ta tambaye shi ko yana gode wa Allah ba, wannan ta riga ta gani. Ba ta kuma ce ya ƙare ba. Abin da take so ya gaya mata shi ne yadda ranar Litinin take kasance masa bayan allura, daga farkawa har kwanciya. Sai ya tambaye ni ko zai iya haɗawa da alhamdulillahi. Na juya. Ta ce ya haɗa da duk abin da yake so.

Haka kuwa aka yi. Alhamdulillahi, zazzaɓi ke tashinsa. Alhamdulillahi, ba ya iya ɓalle maɓallin riga sai an taya shi. Alhamdulillahi, sallah a zaune yake yin ta tun bara, shi ya sa yake komawa sahun baya kusa da bango. Alhamdulillahi, in ya sha ƙwayar barci ke kwashe shi, in ya bari ƙafa ta zama itace. Na juya kowace hamdala, ban zubar da ko ɗaya ba. Likitar tana rubutu har ta juya shafi. Hajiya kuma ta daina hira da jaka, tana share ido da bakin mayafi.

Kafin mu tashi, likitar ta ja masa kunne sosai. Ta ce ƙwayar nan ba a yanke ta rana ɗaya, tana iya jawo abin da ya fi ciwon muni, ya kira likitansa na jijiyoyi a ranar ya gaya masa abin da ya yi. Ya kuma gaya masa zancen zazzaɓin nan dalla-dalla, don akwai dabarun rage shi, akwai kuma wasu magungunan da za a iya gwadawa, amma likita ba ya gyara abin da aka ce masa lafiya lau. Sannan ta ce ba za ta bari ya sauka bene haka ba, wani ya je mota ya ɗauko sandar.

Na yunƙura zan tashi, sai Hajiya ta ce in zauna. Ta zuge jakar nan da ta yini tana yi wa hira, ta zaro sandar a naɗe, ta girgiza ta ta miƙe, ta miƙa masa da hannu biyu har da ɗan rusunawa. Alhaji ya dubi sandar, ya dubi matarsa, ya dube ni. Ya ce mersi, wato na gode da Faransanci, a bushe. Wannan ma na juya.

Da yamma na kira shugabarmu na ba ta rahoto, don gara ta ji daga bakina. Ta tambaye ni ko na koya wa matar abin da za ta faɗa. Na ce sam, ƙa'idar kamfani kawai na karanta mata. Ta ce sau nawa. Na ce har sai da na tabbata an fahimta, kamar yadda aka koya mana. Sai ta ce nan gaba in karanta wa miji da mata tare, a gaban juna, ba ɗaya a bayan idon ɗaya ba. Na karɓi gyaran, kuma ku ma ku karɓa.

Alhaji ya ɗauke mini gaisuwa har damina ta wuce a gida. In mun haɗu a masallaci sai ya miƙo mini yatsu ya kau da kai. Abin ya dame ni fiye da yadda na nuna, don tsokanar Bafulatani in ba ya ramawa ba ta da daɗi. Wajen sanyi ne Hajiya ta kira matata ta ce an amince da tallafin, kuma likitansa ya sauya masa allurar da wani magani da bai kwantar da shi haka. Ciwon dai yana nan, ba warkewa ake yi ba, amma Hajiya ta rage aikin da take ninkawa.

Muka haɗu a wani suna a Manassas bayan ƙaramar Sallah. Ina zaune ina cin waina sai na ji an ƙwanƙwasa mini ƙauri. Na ɗaga kai, ga Alhaji da sanda, amma ba ta ƙarfen nan ba. Sandar kiwo ce ta gaske, ya sa an aiko masa daga gida, ya saya mata robar kantin magani ya cusa a gindi don kada ta zame. Ya ce tun da dole sai ya riƙe sanda, gara ya riƙe wadda zai riƙa kora Barebari da ita.

Na matsa masa ya zauna. Na ce yaya jiki. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Sannan ya duba hagu da dama, ya sunkuyo kusa da kunnena.

Ya ce, "Ƙafar ba ta jin komi tun Laraba. Na gaya ma likita. Amma wannan kada ka fassara."

Na ce masa yau ba na bakin aiki.

Abin da na koya a ranar Springfield ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. Mutanenmu ba ƙarya suke yi ba in sun ce da sauƙi. Da Ubangijinsu suke magana, likita kuma ya ɗauka da shi ake, ya rubuta, rubutun ya koma ya hana su abin da yake haƙƙinsu ne. Ba ku da ikon sauya musu kalma ko ɗaya, kuma kada tausayi ya sa ku gwada. Amma ku karanta ƙa'idarku a fili yadda kowa a ɗakin zai ji, ku nemi izini ku yi bayanin al'ada, sannan ku buɗe kunne. Kusan kullum akwai wani a gefe da ya san ranar da aka faɗi a banɗaki, yana neman hanyar faɗa ba tare da ya zubar da mutuncin nasa ba. In kun ji mace ta fara hira da jakarta, kada ku ɗauka gunaguni ne. Ku juya, har da jakar.